Garin da Aka Rushe da Mutanensa a Ciki

Ranar 15 ga Nuwamba, 2005, dubban mutane a Amurka da Turai suka kunna kwamfutocinsu, suka shiga wasan da suka shafe fiye da shekara biyu suna biya masa kuɗi wata-wata, sai suka tarar gari yana nan amma ba garinsu ba ne. Hamada tana nan, birane suna nan, gidajen da suka gina suna tsaye inda suka bar su, har da kayan adon da suka jera a ɗakuna. Abin da ya ɓace shi ne sana'a. Makiyayin da ya yi watanni yana bin 'ya'yan namun daji yana horar da su ya tarar babu sana'ar kiwo a wasan kwata-kwata. Maharbin da ke kafa sansani a daji, da gwanin takobi, da masanin da ke haɗa irin dabbobi a ɗakin gwaji, duk an shafe sunayensu daga jerin sana'o'i. Daga sana'o'i fiye da 30 aka bar 9. Sunan wasan Star Wars Galaxies, kuma har yau idan masu ƙera wasannin intanet suna son su ja wa junansu kunne a kan sauya wa wasa fasali, labarinsa suke ɗaukowa. Yawancin masu ba da labarin suna taƙaita shi da cewa 'yan wasa ba sa son canji. A ganina wannan bai kama bakin zaren ba. Abin da ya kori mutane shi ne an tsinke igiyar da ta sa kowa yake buƙatar kowa, sannan aka nuna musu cewa lokacin da suka zuba a can ba shi da wata daraja a idon masu wasan.

Sai an fahimci irin wannan wasa kafin a gane girman ɓarnar. Ba kamar gem ɗin ƙwallo ba ne da mutum biyu za su buga na minti goma, ɗaya ya ci, a kashe a tashi. Duniya ce guda da ke zaune a kan manyan kwamfutocin kamfani, dubban mutane suna shiga cikinta lokaci ɗaya ta intanet, kowa da mutum-mutuminsa, kuma idan ka fita ka kwanta barci duniyar ba ta tsayawa: shagonka yana ci gaba da sayar da kaya, maƙwabcinka yana ci gaba da gini. Kamfanin Sony Online Entertainment ne ya ƙera wasan a birnin Austin na jihar Texas, bisa izinin LucasArts, masu haƙƙin wasannin finafinan Star Wars na George Lucas a lokacin. An buɗe shi ranar 26 ga Yuni, 2003, kuma kuɗin wata kusan dala 15 ne. Wanda ya jagoranci tsara shi, Raph Koster, ya fito ne daga Ultima Online, wasan 1997 da ke cikin na farko-farko da suka gwada tara jama'a masu yawa a duniya ɗaya. Koster da abokan aikinsa sun yi wani zaɓi da ya ba mutane mamaki: maimakon su sa kowa ya zama jarumin fim, sai suka gina wurin da talakan wannan duniya zai zauna ya ci abinci da sana'arsa.

A nan ne ya kamata a daɗe, domin duk hujjata tana cikin yadda aka ɗaura wannan tsari. Kowane ɗan wasa yana da maki 250 na ƙwarewa da zai raba wa sana'o'in da ya zaɓa, kuma ba za su ishe shi ya iya komai ba. In ya zuba su a harbi da dabarun yaƙi, to ba zai zama gwanin ƙira ba. Ga shi kuma a kowace duniya daga cikin kwafin duniyoyin wasan, mutum-mutumi ɗaya tak aka yarda ka mallaka, don haka ba ka da damar ƙirƙirar na biyu ya riƙa yi maka ƙira a bayan gida. Makami mai kyau da sulke mai kyau ba daga cikin dodo suke faɗowa ba in an kashe shi, ɗan wasa ne yake ƙera su, kuma sunansa yana like a jikin abin da ya ƙera. Ƙarfe da sinadarin da ake ƙirar da su kuwa suna ɓulla ne a wani yanki na ɗan lokaci da wani irin inganci, sannan su ƙare, wani nau'in ya fito a wani wuri da inganci daban. Saboda haka aka sami mutanen da aikinsu kawai su yi ta auna ƙasa suna kafa injinan haƙa, da maƙeran da ke ɓoye buhunan ƙarfen da ya fito watanni da suka wuce domin babu irinsa kuma. Kaya suna tsufa su lalace, don haka ciniki ba ya yankewa. Mayaƙin da ya dawo daga daji yana dawowa ne da raunukan da sai likita zai warkar, da wata gajiya ta zuciya wadda ba ta tafiya sai ya zauna a gidan shaƙatawa ya kalli mai rawa ko ya saurari makaɗi, kuma likitan da mai rawar da makaɗin duk mutane ne na gaske da ke zaune a gaban kwamfutocinsu. A bakin tashar jiragen sama ta birnin Coronet, likitoci sukan zauna a ƙasa, mayaƙa su yi layi suna sayen allurar ƙarin ƙarfi kafin su tafi farauta. Kafin ƙarshen 2003 an ba 'yan wasa damar kafa garuruwansu, da magajin gari da ake zaɓa da ƙuri'a, da haraji, da tasha. Wanda ya san tsohon gari inda majemi ke jiran mahauci, baduku ke jiran majemi, mahayin doki ke jiran baduku, zai gane wannan tsari nan take. Mutane ba don ƙaunar juna suka fara haɗuwa ba. Buƙata ce ta zaunar da su wuri ɗaya, zama ya haifar da hira, hira ta haifar da abota, abota kuma ita ce ke sa mutum ya sake biyan dala 15 a watan da wasan ya gundure shi.

Ba wai wasan ba shi da aibu ba. An sake shi da gaggawa, cike da kurakurai, babu motoci, babu jiragen sararin samaniya a wasan da aka gina kan fim ɗin yaƙin taurari, sai a Oktoban 2004 aka ƙara jiragen. Wasu sana'o'in sun fi wasu ƙarfi nesa ba kusa ba. Babban ciwon kuwa shi ne batun Jedi, mayaƙan nan masu takobin haske waɗanda su ne zuciyar finafinan. An ɓoye hanyar zama Jedi, kuma sirrin shi ne mutum ya ƙware a wasu sana'o'i da aka zaɓar masa a asirce. Da kamfani ya fara sakin alamun da ke nuna wa mutane sana'ar da za su bi, a ƙarshen 2003, sai likita ya ajiye likitanci, makaɗi ya ajiye kiɗa, kowa ya shiga koyon sana'a yana zubarwa yana ɗaukar wata don neman takobin haske. Koster da kansa ya rubuta daga baya cewa wannan ya yi wa zamantakewar wasan illa. Darasin yana nan a fili tun lokacin, cewa duk abin da ya raba mutane da sana'arsu yana kwance garin, amma ba shi aka ɗauka ba. Abin da ya ɗauke hankalin shugabannin kamfanonin biyu shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a Nuwamban 2004, mai sauƙin shiga, mai jan ɗan wasa daga wannan aiki zuwa wancan ba tare da ya tsaya tunanin me zai yi da kansa ba. Kafin ƙarshen 2005 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 5. Galaxies kuwa, duk da ya sayar da kwali miliyan ɗaya, masu zama cikinsa ba su ko kusanci wannan adadi ba, alhali yana ɗauke da sunan da ya fi kowane suna tsada a duniyar finafinai.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. A Afrilun 2005 aka sauya tsarin yaƙi gaba ɗaya, aka kawo matakai irin na Warcraft, mutane suka yi gunaguni, wasu suka tafi, yawanci suka zauna suka sake koyo. Ranar 1 ga Nuwamba aka fitar da sabon ƙari na sayarwa mai suna Trials of Obi-Wan, wanda a cikin abubuwan da aka tallata shi da su har da kayan amfanin makiyaya. Bayan 'yan kwanaki kaɗan aka sanar da sauyin da aka kira New Game Enhancements, NGE a taƙaice, wanda zai shafe sana'ar kiwon baki ɗaya, kuma tsakanin sanarwa da aiwatarwa bai kai mako biyu ba. Fushin da ya biyo baya ya tilasta wa kamfani ya yi tayin mayar da kuɗin waɗanda suka sayi ƙarin. A sabon tsari an soke rabon maki, ka zaɓi ɗaya daga cikin sana'o'i 9 ka bi layinta har ƙarshe. Jedi, wanda wasu suka yi shekara guda suna wahalar nema, ya zama abin da baƙon da ya shigo yau zai danna ya samu a minti na farko. Yaƙi ya koma na saiti da saurin hannu, abin da ya fitar da mutanen da tun farko suka zaɓi wasan don ba ya buƙatar saurin yatsa, ciki har da masu lalurar hannu. An daina lalacewar kaya, ganimar da ke faɗowa daga abokan gaba ta fara gogayya da aikin maƙera, an kuma rage dalilin zuwa wurin likita da makaɗi har ya kusa zama babu.

A Disambar 2005 jaridar New York Times ta buga bayanin Nancy MacIntyre, babbar jami'ar LucasArts mai kula da wasan. Ma'anar abin da ta faɗa ita ce wasan ya cika karatu da koyo da yawo, kuma ya sa mutane suna rayuwa irin ta Baffa Owen, manomin nan na hamada da ya riƙe Luke Skywalker, alhali jama'a suna son su zama Luke ɗin ne ko Han Solo, su kashe, su kwashi ganima, su sake. Maganar ba ƙarya ba ce game da jama'ar da ke waje. Kuskuren shi ne waɗanda ke ciki, masu biyan kuɗi a wannan watan, su ne ainihin mutanen da suka ga rayuwar Baffa Owen suka ce ta yi musu. Wanda ke son ya zama jarumi cikin sauri ya riga ya tafi Warcraft tun da ya fito, kuma ba shi da dalilin dawowa don ya buga kwaikwayon abin da yake da asalinsa a hannu. Kamfani ya saki mutanen da yake da su don kama waɗanda ba su nuna alamar zuwa ba, garin gyaran gira aka rasa ido. Kuma tafiyar mutane a irin wannan wuri ba ɗaya-ɗaya take tsayawa ba. Idan maƙerin da gari ya dogara da shi ya tafi, shagonsa ya zama kango, mayaƙan da ke zuwa wurinsa sun rasa dalilin biyowa ta garin. Idan mazauna suka ragu, garin ya faɗo daga matakinsa ya rasa tasharsa, wanda ya rage kuma ya leƙa jerin abokansa ya ga babu wanda ke ciki. Tsarin da ya sa kowa ya riƙe kowa shi ne ya sa ficewar mutum ɗaya take jan goma.

Za a iya cewa, kuma an faɗa, ai wasan yana zubar da mutane tun kafin NGE, don haka zama a yadda ake mutuwa ce a hankali. Wannan gaskiya ne, ban kuma ga amfanin musa shi ba. Amma cewa mara lafiya yana buƙatar magani bai halatta kowane irin magani ba. Koke-koken 'yan wasa sanannu ne: a gyara kurakurai, a daidaita ƙarfin sana'o'i, a ba yaƙin da ke tsakanin Daula da 'yan tawaye ma'ana, a cika wa masu fasa-ƙwauri alkawarin da aka yi musu na ba su aikin fasa-ƙwauri na gaske. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar a shafe sana'o'i fiye da 20. Kuma sakamako ya yanke hukunci: tururuwar sababbin mutane da aka yi fata ba ta zo ba, a 2007 aka dawo da wani nau'i na kiwon dabbobi, wato aka fara ɗinke abin da aka yaga, a Oktoban 2009 aka rufe duniyoyi 12, kusan rabin waɗanda ake da su, saboda sun zama kufai. Shugaban Sony Online Entertainment na lokacin, John Smedley, ya amsa a bainar jama'a ba sau ɗaya ba cewa kuskure suka yi, kuma ba su saurari 'yan wasansu ba.

Wata suka ta fi wannan kaifi, ita ce sabo turken wawa: mutane suna kuka ne kawai don an taɓa abin da suka saba, kuma da an bi ta tasu babu wasan da zai taɓa ci gaba. Tarihin wani wasa, RuneScape na kamfanin Jagex da ke Cambridge a Ingila, ya ba da amsar da ta fi kowace gardama, domin a can an gwada abin a aikace. A Disambar 2007 kamfanin ya sanar da taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa, ya kuma hana kisan juna a dajin da aka ware don haka, da niyyar karya masu sayar da zinaren wasa da kuɗin gaske. Niyyar mai kyau ce, amma ta kashe fatake da mafarauta lokaci ɗaya, har sai da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi wadda mutane fiye da miliyan ɗaya suka kaɗa, aka dawo da abubuwan biyu a Fabrairun 2011. A Nuwamban 2012 kuma aka sake sauya tsarin yaƙi daga tushe, jama'a suka sake watsewa. Sai kamfanin ya tono wani ajiyayyen kwafin wasan na Agustan 2007, ya tambayi mutane ko suna so, kusan 450,000 suka ce suna so, aka buɗe Old School RuneScape a Fabrairun 2013. Da a ce sabo ne kawai, da wannan tsohon wasa ya daskare a yadda yake, marmari ya wuce, kowa ya kama gabansa. Abin da ya faru akasin haka ne. An yi ta ƙara masa sababbin yankuna da dodanni da hanyoyin wasa, bisa sharaɗin cewa babban ƙari ba ya shiga sai mafi yawan masu ƙuri'a sun amince, da farko kashi 75 cikin 100, kuma a ƙarshe ya fi sabon wasan yawan jama'a. Mutanen da aka ce ba sa son canji sun shafe shekaru suna zaɓen canji da hannunsu. Abin da suka ƙi shi ne a kwana a tashi a tarar an mayar da wahalarsu banza ba tare da an tambaye su ba. Blizzard ma ta bi wannan hanya daga baya: a 2013 wani babban jami'inta ya gaya wa masu neman tsohon Warcraft cewa suna zaton suna so ne amma ba sa so, a Agustan 2019 kuma kamfanin ya buɗe tsohon wasan, mutane suka yi layin sa'o'i kafin su sami shiga.

Misalin da ya fi ƙarfi a hannun masu goyon bayan rushewa a sake gini shi ne Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix a Japan, kuma ya cancanci a dube shi da adalci, domin a can an rushe wasa ɗungurungum aka sake shi, ya kuma yi babbar nasara. Sai dai bambancin yana cikin yadda aka yi. Wasan ya fito a Satumban 2010 a lalace, masu buga shi da kansu suka yarda bai yi ba, kamfani ya nemi afuwa, ya daina karɓar kuɗin wata na tsawon lokaci, ya naɗa Naoki Yoshida ya ja ragama. Yoshida ya riƙa yi wa 'yan wasa bayani a kai a kai, aka sanar da shirin sake ginin tun fiye da shekara guda kafin a rufe tsohon. Rushewar ma an saka ta cikin labarin wasan: wani jan wata ya yi ta matsowa a sararin sama tsawon watanni, har ya faɗo ranar 11 ga Nuwamba, 2012, mutane suna tsaye a filin suna kallo. Da aka buɗe sabon a Agustan 2013, tsofaffin mazauna sun tarar da mutum-mutuminsu da matakin da suka kai, waɗanda suka ci gaba da biya a tsohon wasan kuma an rage musu kuɗin wata, an rubuta sunayensu a jerin godiya. Wato an rushe gini amma an kwashe mutane da kayansu da mutuncinsu an kai su sabon wuri. A Galaxies an rushe abin da mazauna ke ƙauna ne, a ɓoye aka shirya, aka sayar musu da kaya ana gobe za a soke amfaninsa. Girman canjin a Japan ya fi na Austin, amma ɗaya ya tara jama'a, ɗaya ya watsa su.

Akwai mai cewa wasa dai na kamfani ne, kuma duk wanda ya shiga ya danna amincewa da sharaɗin cewa ana iya sauya komai a kowane lokaci. A shari'a haka ne, babu wanda ya mallaki gidan da ya gina a hamadar Tatooine ta cikin wasan. Amma abin da kamfani ke sayarwa wata-wata ba duwatsu da bishiyoyin da ya zana ba ne kaɗai. Mutum yana biya ne don ya tarar da wasu mutane a ciki, da shagunan da suka cika da kaya, da gidan shaƙatawar da ake kiɗa, kuma duk wannan 'yan wasa ne suka samar da shi da lokacinsu, suna biya a kai ma. Rabin kayan da ke kan teburin kamfani aikin abokan cinikinsa ne. Ikon da takarda ta ba shi na ya sauya komai bai ba shi ikon tilasta wa mai rawa ta ci gaba da zuwa gidan da babu mai buƙatarta ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa: mazauna sun faɗi tun ranar sanarwa abin da zai faru, cikin dubban saƙonni, kafin a aiwatar.

Wasan ya rayu shekara shida bayan NGE, kuma adalci ne a ce ma'aikatan da suka riƙe shi a waɗannan shekaru sun yi aiki tuƙuru, sun ƙara abubuwa da yawa, har wasu da suka shigo daga baya suka ƙaunace shi a sabon fasalinsa. An kashe kwamfutocinsa ranar 15 ga Disamba, 2011, kwana biyar kafin a buɗe wani sabon wasan Star Wars mai suna The Old Republic, wanda kamfanin BioWare ya ƙera a kan salon Warcraft tun daga tushe. Amma tun kafin rufewar, wasu tsofaffin mazauna masu ilimin kwamfuta sun riga sun haɗa kai a wani aikin sa-kai mai suna SWGEmu, suna sake rubuta injin wasan layi-layi ba tare da albashi ba. Fasalin da suka zaɓa su farfaɗo da shi shi ne na kafin Afrilun 2005, mai maki 250, da makiyaya, da kayan da ke tsufa, da gajiyar da sai an je wurin makaɗi take tafiya.